Zakaran da Ya Ji Tsoron Teku

Kuta, Bali
14 ga Yuni, 1999

Zuwa ga amaryata Kalisom,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa, ina fata kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya tashin zuciyar safe, ya lafa? Yaya Innata da ciwon bayanta? Ki gaishe ta sosai. Ki gaida Kawu Mustamin, ki ce masa saƙonsa ya iso, kuma a'a, ban zama Bature ba tukuna.

Kalisom, na ci. Na sa shi a sama ne don na san halinki, in na ɓoye shi a ƙasa za ki tsallake komai ki je ki tono shi. Mijinki ne ya zo na ɗaya a gasar hawan igiyar ruwa ta nan Bali, cikin mutum sittin da huɗu, har da 'yan Ostireliya da 'yan Japan.

A zagayen ƙarshe mu huɗu muka rage a ruwa, aka ba mu minti talatin. Su ukun duk igiyar da ta taso sai su bi ta. Ni kuwa na zauna a kan allona na hawan ruwa ina jira, yadda muke jira a gida, a bakin tekun Lakey, har na ji ana yi mini ihu daga tudu wai ko barci nake. Sau biyu kawai na miƙe a kan allon. Biyun sun isa.

Wanda kowa ya sa ran zai ci wani ɗan Bali ne, Nyoman Sudira, sa'ana ne, baki gare shi kamar rediyo. Da muka fito ya tare ni a kan yashi yana haki ya ce, "Kai ɗan Sumbawa, an ce da nonon doki ake rainonku. Yau ruwa ka hau ko doki?" Na ce, "Ko me na hau, kai dai a baya na baro ka." Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga nan ya ja ni gidan mahaifiyarsa cin abincin rana. Tsohuwar ta san ni Musulmi ne, sai ta miƙo mini kazar da wuƙa ta ce in yanka da hannuna. Ina ganin na yi aboki.

Mutanen wani kamfanin tufafi sun kawo mini takarda na sa hannu. Su za su ɗauki nauyina zuwa Ostireliya da Japan da Hawai, kuma sun ba ni alluna shida sababbi, kowanne da sunana a jiki. Na jera su a ɗaki na zauna ina kallo. Sai na tuna rabin allon nan da na tsinta a bola bayan bukkokin baƙi ina ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda ba shi da hanci, na like shi da ƙaron gyaran kwalekwalen Kawu, ina goga masa kyandir don kada santsi ya kwashe ni. Kawu ya dake ni a kan ƙaron, ki tuna masa.

Na sa miki guntun jarida a ciki, akwai hotona. In kin je Pekat wurin su Baba, ki nuna masa a hankali. Ba na so ya ga kamar ina rama tambayar da ya yi mini ranar da na je neman aurenki, da ya ce, "Da wasan da yara ke yi a ruwa za ka ciyar da 'yata?" Gaskiyarsa ce ya tambaya. Amma dai ki nuna masa, kuma ki lura da fuskarsa ki ba ni labari.

Abincin nan ba laifi, sai dai ba wanda ya iya miyar kifi da tsamiya irin taki. Wata biyar da aure, na yi biyu a hanya. Ki yi haƙuri da ni. Direban motar Dompu zai kawo miki zane ɗaya da takalmi, da man zafi na Inna. In mace kika haifa ina so a sa mata Marwah. In namiji ne kuwa na bar miki zaɓi, ban da sunan Nyoman.

Naki mai kewarki,
Jaharudin

Hawai
9 ga Disamba, 2003

Innar Marwah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina sumbatar goshin Marwah. Ta daina tsoron akuyar maƙwabta? Har yanzu tana cewa babanta a cikin rediyo yake zaune?

Wannan wasiƙar ki karanta ta ke kaɗai. In Inna ta ce a karanta mata, ki karanta gaisuwar ki tsaya.

Na san labari ya iso muku ta waya cewa na ji ciwo a gwiwa na fita daga gasa. Kalisom, gwiwata lafiyarta ƙalau. Ƙarya na yi. Shekara huɗu ina yawon duniya ban taɓa rubuta miki ƙarya ba, ba zan fara yau ba.

Ga abin da ya faru. Ranar Litinin ta makon jiya da safe muka shiga ruwa ni da Nyoman don mu motsa jiki kafin gasa. Igiyar nan ba irin tamu ba ce. Tsayinta ya kai bishiyar kwakwa, kuma a kan dutse take faɗuwa. Na bi wata babba, na makara da daƙiƙa ɗaya, sai na faɗo tun daga samanta. Ta danna ni ƙasa. Wannan ba sabon abu ba ne, an sha danne ni, mutum yakan saki jiki ne ya jira ta wuce. Amma ɗaurin da ke haɗa ƙafata da allo ya naɗe a jikin dutse. Na yunƙura zan taso, ya riƙe ni. Ina ganin hasken rana a samana, kore-kore, bai fi tsayin mutum biyu ba. Sai igiya ta biyu ta zo ta wuce ta kaina, hasken ya ɗauke.

Kin san Babana a ruwa ya rasu ina ɗan shekara tara. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ya ji ba. Yanzu na sani. Ƙirji yana yin wuta, sannan wutar ta mutu, mutum ya daina kokawa, ya ji kamar barci. Wannan barcin shi ya fi ba ni tsoro, don daɗi gare shi.

Nyoman ne ya nutso ya kwance ɗaurin daga ƙafata. Na farfaɗo a kan yashi ina aman ruwa, yana dukan bayana yana zagina da yarensu, yana kuka.

Bayan kwana uku aka kira sunana a gasa. Na shiga, na kai inda ake jira. Igiya ta taso, tawa ce, ba mai hana ni. Hannuwana suka ƙi tuƙawa. Na bar ta ta wuce. Na bar ta biyu. Minti talatin ina zaune kamar gungume, mutane dubu suna kallo, ban samu maki ko ɗaya ba. Da na fito mutumin kamfani ya tambaye ni me ya faru, sai na ji bakina ya ce gwiwa. Likita ya lallatsa bai ga komai ba, ya ce ƙila jijiya ce, ya ɗaura mini bandeji. Tun ranar nake ɗingishi.

Jiya muna cin shinkafa da ƙwai, Nyoman ya dube ni ya ce, "Jahar, shekaranjiya da ƙafar hagu kake ɗingisawa." Na ajiye cokalina. Ya ce, "Ka zaɓi ɗaya ka riƙe, ɗan doki. Ni ban ga komai ba." Ya tura mini ƙwansa a kwanona.

Kamfani ba za su sabunta takardata a Janairu ba, sun faɗa mini da fara'a. Ina nan tafe ƙarshen wata. Ko wanka nake na zuba ruwa a ka sai numfashina ya sarƙe. Ban iya noma ba, ban yi karatu ba, abu ɗaya na iya a duniya kuma ga shi jikina ya ƙi shi. Ban san me zan zama a tudu ba. Ina jin kunyar Inna da Kawu da duk waɗanda suka raka ni tasha da ganga. Ke ma ina jin kunyarki, amma ke kaɗai nake so ki sani. In kin zo tarbata kika ga ina ɗingishi, kada ki yi dariya, kada kuma ki yi kuka.

Mijinki,
Jaharudin

Lakey, Hu'u
20 ga Fabrairu, 2005

Kalisom tawa,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa Pekat lafiya kuma hanyar ba ta jijjiga ki da yawa ba. Yaya nauyin jiki? Ungozoma ta ce saura kwana nawa? Ki gaida Baba da Inna na can, ki ce wa Marwah kajinta suna nan, ɗaya ce kawai ta shiga tukunya. Gidan nan ba ke ya yi faɗi, har ƙarar cokali nake ji.

Ba na so ki ji wannan a bakin direba, shi ya sa na rubuta. An yi rashi. Tasrif, surukin Kawu Mustamin, mijin Ramlah, Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata. Ki zauna tukuna, sannan ki ci gaba.

Da hantsi ne. Ina ƙarƙashin bishiyar nan ta Lakey ina like allon wani baƙo, aikin da nake yi wata goma sha huɗu ke nan. Iskar damina ta tashi tun asuba, teku ya yi baƙi. Kwalekwalen Kawu yana dawowa daga kamun kifi, su uku a ciki, shi da Tasrif da abokin aikinsu Ishaka. Daidai bakin dutse, inda ruwa ke karyewa, injin ya mutu. Igiya ta same su ta gefe ta kife su. Matan da ke tsintar ciyawar teku ne suka fara ihu.

Ban yanke shawara ba, Kalisom. Da na tsaya yin shawara da ban je ba. Na ga kaina ne kawai a cikin ruwa a kan allon baƙon, ƙaron bai ma bushe ba. Na fara isa wurin Kawu, ya rungume jarkar mai, idanunsa a waje. Na ɗora shi a kan allon. Ishaka ya kama goran gefen kwalekwalen, na ce ya riƙe kada ya saki. Sai na hango hannun Tasrif. Tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Yana dukan ruwa, yana ɗaga kai, yana shan ruwa. Na yi masa ihu ya kwanta ta baya, bai san abin da nake nufi ba. Kafin in isa ya tafi. Sau uku na nutsa. A na ukun na kamo rigarsa, amma rai ya riga ya fita.

Shekara ashirin da biyar Tasrif yana fita teku kullum. Minti biyar kawai ake nema ya tsaya a saman ruwa, bai iya ba. Kawu ma bai iya ba, jarka ce ta cece shi. Na bi masuntan garin nan da tambaya, cikin goma da ƙyar biyu suka iya iyo. Mu da muka iya, wasa muke yi da shi muna karɓar kofi.

Bandejin ya tafi a ruwa. Kuma duk garin sun ga gudun da na yi daga bishiya zuwa bakin teku. Da la'asar Inna ta kawo mini shayi ina zaune ina rawar ɗari. Na buɗe baki zan yi mata bayani, ta ce, "Rufe bakinka ka sha. Tun ranar da ka sauko daga mota na san gwiwarka lafiya take, ni na haife ka. Ka zaci zamanka a tudu bai yi mini daɗi ba ne?" Ta zauna kusa da ni. Can ta ce, "Da a ce ranar babanka akwai irinka a bakin ruwa..." Ba ta ƙarasa ba, ta tashi ta shiga ɗaki.

Shekaranjiya bayan sallar Juma'a na miƙe a masallaci na faɗi gaskiya. Na ce ba gwiwa ba ce, tsoro ne. Wasu sun sunkuyar da kai, wani daga baya ya ce, "Ai mun sani," aka yi 'yar dariya duk da zaman makoki. Sannan na ce kowace Juma'a da safe, tunda ba a fita kamun kifi, zan koya wa duk mai so yadda ake kwanciya a kan ruwa. Tsoho Hamzah ya ce, "Ni da gemuna in je in baje a ruwa kamar mataccen kwaɗo, jikokina suna kallo?" Kawu Mustamin ya juya ya ce masa, "Gara su kalle ka a baje kana numfashi. Ni zan fara." Mutum goma sha ɗaya suka ba da suna, har da Hamzah ɗin.

Tsoron bai tafi ba, kada ki zaci ya tafi. Jiya na ɗauki tsohon allona na shiga Lakey, igiyoyin ƙanana ne. Na hau uku. A ta ukun na ji abin da na manta daɗinsa, har na yi ihu ni kaɗai.

Ina so in koma gasa. Ba kamfani, ba kowa, kuma zan riƙa barin ki da yara biyu. In kin ce a'a, a'a ce, ba zan sake tayar da maganar ba. Kada ki amsa yanzu. Ki haihu lafiya tukuna. Zan zo Pekat ran Laraba in Allah Ya so, da busasshen kifi na Baba. Ki yi wa Ramlah addu'a, ta ƙi cin komai.

Naki,
Baban Marwah

Siargao, Filifin
2 ga Oktoba, 2007

Uwargida, Innar Marwah da Ilham,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara da Inna. Haƙoran ɗanmu Ilham sun gama fitowa? An ce Marwah ce ta uku a ajinsu, ki ce mata babanta bai taɓa wuce na ashirin ba.

Na san kun ji a waya, na kuma ji Kawu ya yanka akuyar da ba tasa ba. Amma layin yana yankewa, ke kuma kuka kawai kike yi, ban samu na ba ki labarin ba. To ga shi, zakaran Asiya ne ke rubuto miki, da biro na aro.

Kin san yadda shekara biyun nan suka kasance. Jirgin ruwa, motar haya, kwana a tabarmar gidan su Nyoman, alluna biyu masu faci kamar wandon makaniki. Yaran da ke gasa yanzu 'yan sha takwas ne, ni mai talatin Kawu suke kirana, wani har riƙe mini jaka yake. Duk da haka maki ya yi ta taruwa a hankali, har aka zo gasar ƙarshe ta shekara, lissafi ya tsaya a kan mutum biyu: ni da Nyoman. Duk wanda ya ci zagayen ƙarshe, kambun nasa ne.

Guguwa ta ratsa can nesa a teku ta turo mana ruwa mai nauyi. Igiyar nan naɗewa take ta yi kogo a kan dutse mai kaifi, ruwan da ke kan dutsen bai kai ƙugu ba.

Nyoman ya yi gaba tun farko. Saura minti huɗu yana gabana da nisa. Sai ga wata ta taso daga can, ta fi duk na ranar, ta tare sararin sama. Bisa doka tawa ce, ni ke da zaɓi. Na juya allon, hannuwana suka fara abin nan nasu. Nyoman yana kusa da ni, yana gani. Da ya yi shiru da kofi nasa ne. Sai na ji ya kwarma ihu, "Tafi, ɗan doki! In ka bar ta ni zan ɗauka, kuma sai na ba jikokinka labari!"

Na tafi. Na faɗa tun daga sama, ƙafata ta kama allon, ruwan ya rufe a kaina. A ciki duhu ne kore, da ƙara kamar jirgin sama, can gaba kuma ɗan haske zagaye kamar bakin rijiya. Na ce Bismillah na zuba masa ido. An ce daƙiƙa shida na yi a ciki. Da ta tofo ni waje ina tsaye, ban ɗaga hannu ba, ban yi komai ba, na zauna a kan allon ina kuka kamar Ilham.

Nyoman ne ya ɗauke ni a kafaɗa daga ruwa har dandamali, yana ta mita. "Na ciro ka daga ƙasan teku don ka zo ka ƙwace mini kofi? Da na sani da na tsaya shan shayi tukuna." Wani ɗan jarida ya tambaye ni yadda na rabu da tsoro. Na ce ban rabu da shi ba, tare muka shiga kogon, tare muka fito. Ya zaci Turancina ne ya gaza.

Ban manta amsar da kika ba ni a Pekat ba, kina riƙe da jariri ɗan kwana biyu: "Je ka. Amma in ka sake ɗaura bandejin ƙarya, da shi zan ɗaure ka a gindin kwakwa." Rabin kofin nan naki ne. Ki zaɓi rabin da kike so, yana da nauyi.

Yaya darasin Juma'a? Ki ce wa Ishaka kada ya bar Tsoho Hamzah ya shiga da hularsa. Na yi murna da jin matan da Ramlah ke koya wa iyo sun kai talatin. Ranar da ta zo ƙofar gida bayan ta fita takaba ta ce, "Mu da ke tsintar ciyawa a bakin dutse, mu ba ruwa ke cinmu ba?" ban yi zaton za ta fi ni iya koyarwa ba. Ta fi ni, ba ta zagi.

Ina tafe ran Asabar ta Bima. Ki dafa miyar nan.

Naki har kullum,
Jaharudin

Denpasar
11 ga Agusta, 2023

Kalisom, abokiyar zamana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar wanda ya yi kwana goma sha biyu bai ga fuskarki ba. Yaya Inna, tana karɓar kunun? Sannu da jinya, Allah Ya biya ki, uwata ce amma ke ke ɗaga ta ki kwantar. Ilham yana taimaka miki ko yana can cikin ruwa? Rabon da in rubuta miki wasiƙa an daɗe. Waya ba ta yi mini yanzu, ina ganin bakinki na motsi ne kawai. Marwah za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura miki.

Ta faɗa miki an yi mini aikin kunnen lafiya a asibitin nan. Sauran ni na ce ta bar mini. Ruwa da iskar shekara talatin da biyar sun sa ƙashi ya tsiro ya toshe kunnuwan biyu, wannan kin sani. Na dama sun fafe shi, zai ji. Na hagu kuwa ruɓar ta riga ta ci ciki, ya tafi ke nan. Jirin nan da ke kayar da ni daga nan yake, kuma likita ta ce zai ragu amma ba zai bar ni ba. Na tambaye ta yaushe zan hau allo. Ta rubuta a takarda don kada in ce ban ji ba: ba zan ƙara ba. Ko kaina ba a so in nutsar.

Ban karɓe shi da kyau ba. Kwana biyu na juya wa bango fuska. Na yi wa Marwah tsawa a kan ruwan shayi, yarinyar da ta bar aikinta ta zo ta kwana a kujera. Na ba ta haƙuri, ke ma ki taya ni.

Nyoman ya zo ran Laraba. Ya yi tumbi, ba za ki gane shi ba, gidan abincinsa ya karɓe shi. Ya zauna ta hagu ya yi rabin awa yana zuba, ina gyaɗa kai, sai da Marwah ta ce, "Kawu, wannan kunnen ai ya mutu." Ya ce, "Shi ya sa yau bai yi mini gardama ba!" Ya zagayo ta dama ya sake farawa daga farko.

Jiya da hantsi kuma sai ga hayaniya a ƙofar ɗaki. Wani ƙato ne ya shigo da kifin tuna a kafaɗa, tsawonsa ya kai ƙafata, ma'aikatan jinya biyu suna bin sa suna faɗa. Sukardin ne, ɗan Ishaka, ɗalibina na darasin Juma'a, wanda ya tafi aikin manyan jiragen kamun kifi shekara takwas da suka wuce. Ya ji a tashar jirage cewa ina nan. Ya ajiye kifin a kan kujerar Marwah, ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa, ya ƙi saki.

A watan Maris jirginsu ya kama wuta a tsakiyar teku ya nutse, ba su samu ko rigar iyo ba. Ya kwanta ta baya, yini guda da kwana guda, har wani jirgi ya tsince su. Ba shi kaɗai ba. Akwai mutum biyu 'yan Jawa kusa da shi da ba su iya ruwa ba, a nan cikin tekun ya koya musu, hannunsa ɗaya ƙarƙashin wuyan kowanne. Dukansu suna raye, ɗayan ma an yi masa haihuwa watan jiya. Ya sunkuyo kunnena na dama ya ce, "Kawu, wallahi muryarka na yi ta ji. Sukardin, saki wuyanka, kai ba akuya ba ne! Kalli sama! Ni ma haka na yi ta zagin su, har suka iya."

Na ce dai ya fitar da kifin kafin a kore mu duka. Ma'aikatan sun raba shi a tsakaninsu, yau kowa fara'a yake yi mini.

Ga abin da nake so. Allunan nan bakwai da ke rataye a rumfa, ki ce Ilham ya sauke su. Ya ɗauki ɗaya, sauran a kai wa Ramlah ta raba wa 'yan matanta masu son gasa, ta fi ni sanin wadda ta isa. Kada a bar mini ko ɗaya, in ina ganinsa zan ɗauka. Darasin Juma'a kuwa yana nan. Likita ta hana ni nutsar da kai, ba ta hana ni tsayawa a ruwa iya ƙugu ba, ba ta kuma taɓa maƙogwarona ba.

Sai roƙo ɗaya, naki ke kaɗai. Shekara ashirin da huɗu kina kwana ta hagu da ni, kina zama ta hagu in muna cin abinci, ta hagu kike tafiya in za mu kasuwa. Na san ba kya son a sauya miki wuri, ko tukunya aka gusar sai kin yi magana. Amma ki dawo dama, Kalisom. Kunne ɗaya ya rage mini, kuma duk abin da za ki faɗa, ko faɗa ne, ina so in ji.

Ran Talata za a sallame ni. Ki gaida Inna, ki ce mata ɗanta ya dawo tudu, wannan karon da gaske.

Mijinki mai ƙaunarki,
Jaharudin